Makarantar da ke Saman Kan Malama

Kowa Malama yake ce mata: 'yan ajinta, iyayensu, mai kantin bakin layi, mijinta idan yana jin tsokana, har tsohuwar da ta haife ta. Shekara ashirin da uku tana riƙe da aji ɗaya na firamare, ɗakin nan mai tagar da ba ta rufuwa, kuma a lissafinta, wanda ba ta gajiya da maimaitawa, yaran da suka fara haɗa baƙi a hannunta sun haura dubu. Idan ta shiga banki sai wani ƙato ya taso daga bayan tebur ya rusuna. Idan ta je asibiti sai nas ta ce, "Malama, ba ki gane ni ba?" Ta gane ta sarai, har bencin da take zama, amma sai ta ɗan yi jim don daɗin abin ya daɗe.

Aikinta a tsare yake. Yara sittin da huɗu, darasi minti talatin da biyar. Kowa ya miƙe ya karanta layi guda, tana bin rubutun da kan jan bironta. Idan yaro ya cije a kan wata kalma sai ta ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku, ta faɗa masa, ya maimaita, ta ce, "Na gaba." Ba mugunta ba ce. In ta ce za ta jira kowane mai inda-inda, za a kaɗa ƙararrawa rabin aji bai buɗe baki ba. A haka abin ya zame mata jiki. Ko mijinta ne ya tsaya lalubar kalma yana ba ta labarin ɗakin maganin da yake aiki, ita ke ƙarasa masa, kuma abin haushin, galibi takan dace.

Ƙanwarta kuwa, wadda ake kira Auta, tun farko hanyarta daban. Shekara tara ce tsakaninsu. Lokacin da Malama ta fara koyarwa, Auta tana sakandare tana zana riguna a bayan littafin lissafi. Ba ta gama ba. Ta ce ita ɗinki take so. Aka yi faɗa, aka yi lallashi, Malama ta rubuta mata wasiƙa shafi huɗu, duk a banza. Tun daga nan tsohuwa ta raba 'ya'yanta biyu idan tana ba baƙi labari: ga mai ilimi, ga mai keke. Malama ba ta taɓa cewa wannan rabon bai yi mata ba.

Da aure ya zo musu, sai zama ya haɗa su a gida ɗaya mai bene. Malama da mijinta a ƙasa, Auta a sama tare da tsohuwa, saboda mijin Auta direban babbar mota ne, yakan yi makonni bai kwana gida ba. Auta ta zuba 'ya'ya huɗu: babban, da ake ce wa Injiniya tun ranar da ya kwance rediyon ubansa, sai 'yan biyu mata, sai wani ɗan ƙarami mai yawan tambaya. Ita Malama ɗaya Allah ya ba ta, ita ma sai bayan an daɗe har dangi sun daina tambaya. Yarinyar ta zo 'yar firit, ubanta ya dube ta a cikin tawul ya ce wannan ai ɗigo ce. Sunan ya bi ta.

Makarantar bene ta samo asali ne daga karaya. Injiniya ya faɗo daga katanga yana ɗan shekara bakwai, ya yi zango guda a kwance gefen keken ɗinki. Don ya daina damun uwarsa da mita, ta riƙa ba shi abin yi: auna wannan, karanta min wancan, me ya sa kake gani ƙarfe ke bin maganaɗisu amma maɓalli ba ya bi? Da ƙafa ta warke ya koma aji, sai ya tarar ya wuce su, ya shiga hamma da neman faɗa. Auta ta cire shi. Malama ta hau bene a fusace, ta yi bayani na kusan awa guda a kan manhaja da jarrabawa da makomar yaro.

Auta ta ce, "Yaya, bari mu gwada shekara guda. In bai yi ba, ai ga ki."

Shekara shida ke nan. 'Yan biyu ko rigar makaranta ba su taɓa sawa ba. Duk ƙarshen shekara Auta kan kai su a gwada su, su dawo da sakamakon da Malama kan karɓa ta duba sama da ƙasa tana neman inda aka yi musu alfarma, ta miƙa ta ce, "Ba laifi."

Kuma abin a saman kanta ake yinsa, shi ne ciwon. Ta dawo aiki muryarta a dishe, alli har cikin gashin ido, ta kishingiɗa, sai silin ya fara: ƙarar keke, dirin ƙafafu, dariya. Wane irin karatu ne ake dariya a cikinsa? Tagar matattakala cike take da kwalabe, kowace da auduga da ƙwayar wake a ciki, an liƙa mata takarda: wannan tana rana, wannan an rufe ta da kwali, wannan ruwan gishiri ake ba ta. A tsakar gida sun kafa sanda, suna auna inuwarta da tef ɗin ɗinki safe da rana da yamma, suna shata ƙasa da gawayi. Wani mako suka kwaɓa yumɓu suka riƙa rubutu a kai da tsinke, wai haka mutanen da can suke yi kafin a san takarda, suka shanya a kan rufin motar maigidan Malama. Sannan ga igiyar tarihi, igiyar shanya ce kawai da aka ja daga ƙofar falo zuwa ta kicin. Duk abin da suka karanta ya faru a duniya, sai su rubuta a ɗan kwali da shekararsa su maƙala a gurbinsa. Wanda ya fara yin gilashi yana can wajen falo, jirgin sama yana dab da kicin.

Tsohuwa, wadda da can ba ta da zance sai na mai ilimi, yanzu ko mai karanta mitar wuta ne ya shigo sai ta ja shi ya ga igiya. Malama kan ji ta daga ƙasa tana cewa, "Duk jikokina ne suka yi, uwarsu ce ke koya musu." Sai ta ji wani abu ya tokare mata ƙirji. Ta san sunan abin sarai, don ba yarinya ba ce. Kishi ne, kishin ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, kuma saninsa bai rage shi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ta haɗiye. Amma akwai Ɗigo.

Ɗigo tana shekara takwas, tana aji uku, ba ta karatu. Ta san baƙaƙe tsaf, ta san wasula, amma idan aka ajiye mata layi sai ta zuba masa ido kamar an ba ta tuwon ƙarfe. 'Yar Malama guda. Kullum bayan la'asar sukan zauna a teburin cin abinci, littafi a buɗe, jan biro a kan layi. Ɗigo ta fara, ta cije, uwar ta ƙirga uku ta faɗa, Ɗigo ta maimaita. A haka za su gama shafi, Malama ta rufe littafi ta ce an yi karatu, alhali a ranta ta san ita ta karanta. Kwanan nan ma yarinyar ta daina gwadawa. Sai ta sa yatsa a kan kalma ta ɗago kai tana kallon bakin uwarta.

Malamar aji uku, wadda ita ma a hannun Malama ta koyi haɗa baƙi, ta tare ta a bayan ofis tana murza hannu. Ta ce shugaban makaranta ya ce duk yaron da bai iya karanta shafi ba a ƙarshen zango zai maimaita aji, kuma ita ba ta san yadda za ta yi ba. Malama ta ce, "Ki yi aikinki," ta wuce. Ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba.

Yara kan tashi ƙarfe ɗaya, malamai sai uku, saboda haka a bene Ɗigo ke jiran uwarta. Wata Laraba aka soke taron malamai, Malama ta dawo da wuri. Tana tsakiyar matattakala, wajen kwalaben wake, ta jiyo wata 'yar murya daga falon Auta tana jan kalmomi ɗaya bayan ɗaya. "Sai... saiwar... tana bin... ruwa... ganye kuma..." Aka yi shiru mai tsawo, babu abin da ake ji sai ƙarar almakashi. Malama ta buɗe baki, kalmar na kan harshenta, sai muryar ta ce, "yana neman... haske." Ta san muryar nan ko a cikin barci.

Ta tura ƙofa. Ɗigo na zaune a ƙasa kusa da ƙafar keke da littafin Injiniya a cinya. Tana ganin uwarta ta rufe shi, ta tura ƙarƙashin tarin ƙyallaye.

"Ci gaba mana," in ji Malama.

Ɗigo ta sunkuyar da kai.

Auta, wadda ke durƙushe tana kama wata riga a jikin gunkin gwaji, ta zare fil daga bakinta ta soke a hannun rigarta, ta ce, "Sannu da dawowa, Yaya. Ai ta kai sati uku tana karanta min. Na zaci kin sani."

Sati uku. Malama ta dubi ƙanwarta, ta dubi 'yarta, ta yi murmushin da take yi wa masu duba makarantu. Ta ce, "Madalla. Ɗigo, ɗauko jakarki." A ƙasa ta buɗe littafi a kan tebur ta ce a karanta mata kamar yadda aka karanta wa Inna Auta. Ɗigo ta sa yatsa a kalmar farko ta ɗago kai tana kallon bakinta.

Nan fa Malama ta cika ta yi fam. Da a ce yarinyar ba ta iya ba ne gaba ɗaya, da sauƙi, sai a ce daga Allah ne. Amma ta iya, kuma wata ta fara ji. Yara dubu sun yi mata karatun farko, 'ya'yan mutane, wasu ko sunanta ba su riƙe ba. Guda ɗayan da take nata ta kwashi nata karatun ta kai wa mai keke.

Washegari ta kafa doka: daga makaranta Ɗigo ta zauna a ajin uwarta har a tashi, ba hawa bene sai da dalili. Ga maigida ta ce yaran sama suna raba wa yarinyar hankali. Maigida ya ce, "To," irin to ɗin da ya koya cikin shekaru masu yawa.

Sannan ta zauna ta yi nazari, don ita ba ta yarda da sa'a a harkar koyarwa ba. Dole akwai dabara. Me ke sama da babu a ƙasa? Wake da igiya. To, ba a fi ta sanin wake da igiya ba. Ranar Asabar ta wanke kwalabe shida iri ɗaya, ta jera a tagar kicin, ta rubuta musu takardu da rubutunta na allo mai kyau. Ta ja sabuwar igiya a falo da rula da ma'auni, ta yanka kwalaye daidai wa daida, ta cike su da shekaru daga littafin manhaja, ta maƙala. Ɗigo na tsaye tana miƙo mata maƙalan shanya. Da ta nemi ta rubuta ko guda, uwar ta ce bari, za ki karkata layin.

Waken Malama ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Cikin kwana goma ya fi na bene tsayi, kuma sau biyu tana hawa matattakala da tef a jaka don ta tabbatar. Igiyar ma ba ta da makusa. Sai dai Ɗigo kan wuce ta ƙarƙashinta kamar shanyar maƙwabta ce. Da yamma, idan dirin ƙafafu ya tashi a sama, sai yarinyar ta daina tauna abinci ta ɗaga kai tana kallon silin.

Maigida ya tsaya gaban kwalabe yana shan shayi, ya ce, "Malama, waken nan kam ya ci jarrabawa. Saura mai waken."

Kallon da ta yi masa ya sa ya ƙarasa shayinsa a waje.

Saura sati uku zango ya ƙare ta ɗauki wani siket mai lafiyayyen zif ta hau bene wai a duba mata. Ta zauna a bakin kujera, ta yi zancen tsadar yadi, ta yi na ciwon ƙafar tsohuwa, sannan ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Wai wane littafi kike bi da su ne wajen karatu?"

"Duk wanda ya zo hannu, Yaya."

"Ina nufin tsari. Da me kike farawa? Gaɓa ko kalma?"

Auta ta yi dariya. "Wallahi ban sani ba. Ni dai ina aikina, su zauna nan su karanta min."

"Haka kawai."

"Haka kawai."

Malama ta ji jininta ya hau. Ɓoye mata ake yi, ita da ta riƙe hannun Autar nan tana ƙarama ta koya mata rubuta sunanta. Ta ce, "Auta, ba sai kin yi min rowa ba. Ke da ko sakandare ba ki gama ba, in ba wani ya ba ki tsari ba, ina za ki samo?"

'Yan biyu, da ke kwance a ƙasa suna fentin taswira, suka daina motsi. Auta ta juya zif ɗin sau biyu a hannu, ta ja shi sama ta ja shi ƙasa, ta miƙa wa yayarta siket ɗin ta ce, "Lafiyarsa ƙalau." Muryarta ba ta rawa, amma ba ta ɗago ido ba.

Daga ɗaki tsohuwa ta ce, "Malama, da ilimi na hana mutum faɗin abin da zai yi nadama, da yau na gani."

Malama ta sauko. Ta yi nadama kam, tun kafin ta kai kwalba ta uku a matattakala. Amma ko a cikin nadamar tana lura cewa waken da ke cikin kwali ya yi fari ya langaɓe, tana jin daɗi kaɗan.

Kwana takwas ba su yi magana ba sai gaisuwa. Abin da ya haɗa su riga ce. Duk ƙarshen zango akan yi taron ba da kyaututtuka a makaranta, Malama ce ke kiran sunaye, kuma shekara da shekaru Auta ke ɗinka mata abin da za ta sa. Tun kafin faɗan an yanka yadin. Ɗaya daga cikin 'yan biyu ta leƙo ta ce, "Inna Malama, wai ki zo a gwada."

Ta hau. Ta sa rigar ta tsaya a kan ɗan benci a tsakiyar falo, hannuwa a buɗe. Auta ta ɗebi fil ta jera a leɓɓanta, ta durƙusa tana kalmasa bakin rigar tana sokewa, tana zagaya ta a kan gwiwa. Lokacin karatun 'yan biyu ne, ba a kuma ɗage shi don baƙuwa ba. Ɗayar ta zauna a gefen keke ta buɗe wani littafi a kan yadda mutanen da suke tsallaka teku, ta fara karantawa da ƙarfi. Ta yi layi huɗu lafiya, sai ta ci karo da doguwar kalma ta tsaya.

Ɗaya, biyu, uku. "Matuƙa," in ji Malama daga kan benci, don ta hango shafin.

Yarinyar ta ɗago a ɓace. "Inna Malama, ai na kusa."

"Taimakonki na yi."

"Yanzu ba tawa ba ce," in ji yarinyar, ta koma kan littafinta tana kumbure-kumbure.

Malama ta dubi ƙasa don ta ga ko uwar za ta tsawata. Auta ta ce, "Mm," ta cikin hanci, ta ci gaba da soke-sokenta. Fil biyar ne a bakinta.

Can yarinyar ta sake cijewa. Wannan karon Malama ta danne, don an riga an ba ta kunya, ta shiga ƙirga. Uku ta wuce. Bakwai. Tafin ƙafarta har ƙaiƙayi yake. Yarinyar na motsa leɓe, ta koma farkon layin, ta sake tahowa, ta dubi hoton da ke gefe. Goma sha biyu. Auta ta san kalmar, Malama ta ga idonta ya kai kan shafin ya dawo, amma ko gezau. Sai a goma sha tara yarinyar ta ce, "Taurari," ta wuce abinta, ba wanda ya yaba mata, ba ta kuma nema ba.

Malama ta sauke hannuwanta a hankali. Ta tuna ranar Laraba: shirun nan mai tsawo, da Auta tana zare fil kafin ta gaishe ta.

Ta ce, "Auta. Idan sun cije, me ya sa ba kya faɗa musu?"

Auta ta tofo fil ɗin a tafin hannu. "Da fil a baki, Yaya? In haɗiye? Da can nakan so in faɗa, kafin in cire sun riga sun samo. Sai na daina cirewa."

"Shi ke nan?"

"Ai na gaya miki ban san komai ba."

Da ta tarar da wani babban littafi ne a ɓoye a ƙarƙashin katifa, da ya fi mata sauƙi. Shekara uku a kwaleji, ashirin da uku a gaban allo, tarukan ƙara wa juna sani ba iyaka, a ce abin da ya kayar da ita 'yan ƙarafa ne da ake sayarwa a kwali. Kuma mai su ba ta ma san ta yi nasara ba. Malama ta ji kishin ya taso sabo fil, har ya fi na da, don yanzu ba ta da abin da za ta zarga. Ta ce rigar ta ɗan matse ta a hammata, ko da yake ba ta matse ba.

Tana shirin fita Auta ta miƙo mata wani ɗan kwali a ninke, da maƙalin shanya a jiki. Ta ce sun iso ƙarshen igiya, wajen ƙofar kicin, inda tarihin gidansu yake. Tsohuwa ke ba da labari, Injiniya na rubutawa, kuma kowane yaro shi ke karanta na shekarar haihuwarsa ya rataya da hannunsa. "Na Ɗigo ne. Gurbinta na nan, ba mu sa komai ba." Malama ta karɓa ta jefa a jaka, ko dubawa ba ta yi ba. Ta kai ƙofa ta tsaya, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Maganar rannan, bakina ne ya fi ni sauri."

"Na sani, Yaya. Tun muna yara."

Ɗigo na zaune a teburin cin abinci, rana ta karkato ta tagar kicin ta cikin ganyen wake. Da ta ga uwarta ta jawo kujera, sai ta miƙa hannu ta ɗauko littafin makaranta kamar mai ɗauko magani. Malama ta ture shi gefe, ta ajiye kwalin ta buɗe. Rubutun Injiniya ne, manya-manya, ya karkata. Idon Malama, da ya saba, ya cinye layukan biyu gaba ɗaya kafin ta hana shi. Sannan ta zaro jan bironta, ta sa shi a gicciye tsakanin haƙoranta ta cije.

Ɗigo ta dube ta. "Mama, me kike yi?"

Malama ta nuna kwalin da haɓa.

Yarinyar ta sa yatsa. "A... wannan... shekara..." Ta ɗago tana kallon bakin uwarta. Babu komai a wurin sai biro. Ta jira. Malama ta ƙirga uku, kalmar ta zo ta tokare a bayan haƙoranta, ta ƙara cijewa har robar ta yi ƙara. Ɗigo ta mai da kai. "Aka... haifi... Ɗigo." Ta ɗan yi murmushi da ta ga sunanta.

Layi na biyu ya fi wuya. "Kaka ta ce... Mama ta..." Ta tsaya. Ta koma baya ta sake tahowa. A sama keke ya tashi ya tsaya. Yawu ya taru a bakin Malama, muƙamuƙinta ya fara ciwo. Ta wuce goma sha tara, ta wuce talatin, a wajen arba'in ta ɓata lissafi ta bari.

"Jira," in ji Ɗigo. "Mama ta jira ta... shekara... goma sha... ɗaya."

Ta sake karanta layin daga farko, a guje wannan karon, sannan ta ɗago. "Gaskiya ne?"

Malama ta gyaɗa kai. Hawaye ya gangaro ya bi ta kan biron, ba ta share ba.

Ɗigo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ɗauki kwalin da maƙalinsa ta diro daga kujera. "Bari in je in rataya. In karanta wa Inna."

Ga igiya nan a falonsu, sabuwa, miƙaƙƙiya, da wuri har ya yi yawa. Maganar ta zo wa Malama har bakin leɓe, kuma ta san in ta faɗa yarinyar za ta dawo ta rataya a nan ɗin ba musu. Ba ta cire biron ba. Ta ji ƙofa ta buɗe, ta ji takun ƙafa yana hawa matattakala bibbiyu, ta ji ya ratsa silin daga falo ya nufi wajen kicin. Ta jawo littafin makarantar ta buɗe a shafin da suka tsaya, ta juya shi ya fuskanci kujerar Ɗigo, ta zauna tana jira ta sauko.